Lambobi Goman Iliyasu Mai Talho

A Keita, kafin salula ta shiga aljihun kowa, wanda bai san Iliyasu Mai Talho ba, to ba shi da kowa a waje. Ba'adaren da ba shi da kowa a waje kuwa sai an tona. Iliyasu ya yi gadi a furoje, wato ma'aikatar raya karkara, ya yi dashen itace, ya yi fataucin albasa har ta ruɓe masa a Madawa, sannan Allah ya zaunar da shi gindin talho ɗaya tak a shago. Tsarin sananne ne: ɗan cirani ya bugo daga Abijan, su gaisa har a tambayi awaki, Iliyasu ya hau keke ya kirawo mutanen gida, a sake bugowa. Duk Juma'a mahaifiyarsa Cima tana kan bencin shagon, tana jiran muryar babban ɗanta Mu'awiya daga Abijan. Ita kam abincinta ke nan a duniya.

Sai ga wani masanin waya daga Tawa, da jaka da zaƙin baki. Ya ce zamanin hawan keke ya wuce. Za a ba Iliyasu lambobi goma a kan babban layi guda, kowace ta zarce kai tsaye cikin wani akwati mai suna modam, ma'aikatan furoje su riƙa bugowa daga ofis suna shiga intanet ta shagonsa. Iliyasu bai gane ko rabi ba, amma ya ji goma, ya kuma ji an kira shi darakta. Ya je ya ɗinka sabuwar riga. Tsohuwar lambarsa ma cikin goman aka zuba ta, masani ya kama hanyar Tawa.

Daga ranar talho ya yi gum, akwati kuwa sai ƙyafta fitilu. A mako na biyu Iliyasu ya saci jiki ya buga lambar kansa daga gidan waya, ya ji an ɗauka da wata tsuwa kamar an taka zabo. Ya gane sarai. To amma darakta ya fito ya ce akwatinsa ya fi ƙarfinsa? Sai ya ce wa Cima layin Abijan ne ya lalace. Juma'a bakwai tsohuwa tana zuwa, tana komawa da takalmanta a hannu.

A ta takwas Jibril, maƙwabcinsu da ya dawo daga Abijan, ya tarar da su a shagon.

Ya ce, "Wallahi Inna, Mu'awiya ya bugo, ina tsaye. In anka ɗauka shi yi sallama, abin ga shi yi mai tsuwa, shi ko shi gaishe shi, shi tambayi lahiyarki, hal a katse. Ya ce tunda ƙanenai ya girma hal ya aje ƙarhe shi amsa mai gaisuwa, ya gane."

Iliyasu ya ce, "Yana ina yanzu?"

"Ya wuce Gabon. Bai bar lamba ba."

Kunya da baƙin ciki suka taru suka rufe Iliyasu. Cima ba ta yi faɗa ba, da ma ta yi da ya fi sauƙi. Ta nuna akwatin da sandarta.

"To Iliya, tunda shi ya ji gaisuwata, buɗe shi ka hiddo mani. Ko guda."

Iliyasu ya durƙusa gaban akwatin yana ta taɓe-taɓen wayoyi, don kada su haɗa ido.