Daɓen Filin Jirgi

Talata

Ƙarfe biyar da rabi, ina idar da sallar asuba, na bar gidana a Limawa. Tsuntsayen jan baki sun sauka a shinkafata da ke fadama gaba da Kafin Hausa, saura mako guda a yanke. An ce an kawo ƙaramin jirgin feshi, na ce sai na gani da idona.

Bas ta ci awa biyu, har da tsayawa a shinge ɗaya. Na karya da ƙosai da koko a tasha, na hau acaɓa, minti arba'in cikin taɓo.

Filin jirgin ƙasa ce kawai da aka share. Ƙarfe biyar na yamma jirgin ya taso da gudu, sai ƙafarsa ta faɗa rami. Taya ta fashe, ya karkace ya tsaya cikin sabara. Matuƙin, wani dattijo da ake kira Kyaftin, ya fito lafiya yana huci.

"Shanun wa suka ratsa nan bayan ruwa?"

Buba, mai yi mini kiwo, ya sunkuyar da kai. "Alhaji, naka ne."

Ban yi musu ba. Na ce, "Kyaftin, akwai wata tayar?"

"Akwai. Fili ne babu. Ba na sake tashi a kan sawun kofato."

Na kwana a zauren mai unguwa, aka kawo tuwon dawa da miyar kuka.

Laraba

Injin danne ƙasa sai daga Dutse, kwana huɗu. Tsuntsu ba zai jira ba. Da sassafe na je wajen Inna Kande, wadda ke jan matan ƙauyen in za a yi daɓen ɗaki.

"Inna, za ku iya daɓe filin jirgi?"

"Amarya za ka ajiye a kai?"

"Ta ƙarfe ce, Inna."

Maza suka cike ramuka da tsakuwa, mata suka jeru da madaɓai suna waƙa har la'asar. Kyaftin ya taka filin tun daga farko har ƙarshe, yana buga dunduniya.

"Inna, wannan ya fi tsakar gidana."

Biyar da kwata jirgin ya ɗaga sumul, guɗa ta tashi.

Alhamis

Na zaga gonar da hantsi, shiru, babu tsuntsu. Na iso Limawa da la'asar. Alhamdu lillahi. Na gode wa Kyaftin da su Inna Kande. Buba kuwa ya canza wa shanu hanya.