Ranar da Na Kasa Ganin Matata a Kasuwar Zuru

Lokacin ina kabu-kabu a Zuru. Wata ranar kasuwa matata ta ce in ɗauke ta a wajen masu doya. Na je na tsaya ina bin fuskokin mata ɗaya bayan ɗaya. Duk wadda na kafa wa ido ina ganinta sarai, amma babu matata.

Sai na ji an taɓa kafaɗata.

"Maigida, tun ɗazu ina gefenka ina ɗaga maka hannu."

Na yi dariya, ita kuwa ba ta yi ba. Ta ce in kalli buhun dawar da ke gabana, kada in motsa ido. Ta kawo hannunta ta wajen kunnena, tana matso da shi sannu a hankali. Sai da ya kusa hancina na gan shi.

Gabana ya faɗi. Haka mahaifina ya fara, yana zura zare a allura amma yana karo da ƙofa, kafin ya makance.

Ta dubi titi cike da motoci.

"Tura babur ɗin," in ji ta. "Da ƙafa za mu koma."