Ƙafar Ustaza Tana Jin Hausa

Har gobe ban manta da wata Alhamis ba, mako biyu bayan ƙaramar Sallah, ranar da bakina ya kusa cinye mini aiki. Ku sababbin shiga ku saurara, don na ga wasunku ma bakinsu ba ya zama wuri ɗaya.

Shagonmu na lalle a unguwar Alsawra ta birnin Omdurman yana da matakai. Hajja Asabe ce mai shago, ita ke karɓar baƙi. Yaya Mariya ce babbar mai zane, hannaye nata ne. Ni kuwa, ina shekara goma sha shida, ƙafa aka ba ni. Dokar ita ce sai kin shekara kina zana ƙafa kafin a bar ki ki taɓa hannun mutum. Sunana Halima, amma Rediyo ake kirana, kuma sau biyu Hajja tana ja mini kunne a kan surutu. Ta ce na uku gida zan tafi.

Akwai wata al'ada tamu. Da baƙuwa Larabci muke yi, tsakaninmu kuwa Hausa, wadda mutanen gari ke kira rutana. Da ita muke cewa wance ta cika tsaga, wance diddigenta ya fi dutsen niƙa kaushi, fuska kuwa cike da murmushi.

Ran nan da hantsi raksha, wato keke mai ƙafa uku, ta sauke wata mata mai farin tob, lafayar matan garin nan. Tana cire tabarau Hajja ta kusa haɗiye ƙoƙon jabanarta, wato gahawa. Ita ce mai fitowa a wasan barkwancin da gidan talabijin ya nuna duk azumin nan, tsohuwar da kullum ke jifan surukinta da silifa. Kowa Ustaza yake ce mata. 'Yarta za ta yi aure, ta zo gwada hannunmu, in ya yi mata za ta kawo dangin amarya gaba ɗaya.

Hajja ta fi kowa son wasan nan. In ana yi, ko gobara ta tashi sai an gama za ta nemi ruwa. Yaya Mariya 'yar fim ɗin Indiya ce, in ba a yi kuka da rawa cikin ruwan sama ba to ba a yi fim ba. Ni fim ɗin Masar nake so, inda magana ke gudu kamar an biyo ta. Wasan Ustaza kuwa, gaskiya, barci yake sa ni.

Aka kwantar da Ustaza a gado, aka shafa mata mahalabiyya, man nan mai ƙamshi da ke sa lalle ya kama. Yaya ta ɗauki hannu, na ɗauki ƙafa. Hajja ta kunna talabijin, aka yi dace ana maimaita wasan. Ga tsohuwa ta cire silifa, ga suruki ya ruga, ga dariyar inji ta tashi.

Na ɗaga kai na ce da Larabci, “Ya Ustaza, wallahi jininki ba nauyi.” A nan garin haka ake yabon mai ban dariya. Wanda ba ya ba da dariya kuwa a ce jininsa da nauyi.

Ta yi murmushi ta gode. Ni kuma na sunkuya na ce wa Yaya da Hausa, “Jinin nan ko a amalanke aka ɗora shi sai taya ta fashe.”

“Rediyo, kashe kanki,” in ji Yaya.

Ina fa. Na riga na kama tasha. Na ce, “Kwana talatin, silifa talatin. Dariyar da na yi duk azumi ba ta cika cokalin shayi ba. Su kansu masu dariyar cikin injin nan ina jin sun mutu tun zamanin Turawa, ana ta wahalar da su.” Na koma Larabci na ce, “Ma sha Allah, kalli jifa.” Na dawo Hausa, “Surukin ma don a biya shi yake gudu.”

Sai na ji babban yatsan ƙafar da ke hannuna ya motsa. Wata murya ta sauko daga saman gado, a hankali, da Hausa irin ta tsofaffi.

“Ke 'yar nan, ƙafar tawa ma da nauyi, ko jinin ne kawai?”

Na duba ƙofa, ba kowa. Na duba talabijin, tsohuwa na can tana jifa. Na duba sama, sai ga idon Ustaza a kaina. Furen da nake zanawa ya koma kadangare.

Hajja ta miƙe. Ba ta ɗaga murya ba, abin da ya fi ba ni tsoro ke nan. Ta ce, “Halima, ɗauki mayafinki.” In ta kira ni Halima, to magana ta ƙare. Na tuna Innata da ta roƙa mini aikin nan.

Ustaza ta ce, “Hajja, ina za ta? Ƙafa ɗaya ta gama. Haka zan je biki kamar an raba ni da wata?” Ta gaya mana kakarta Bahaushiya ce, ta tsaya Omdurman a hanyar Makka ba ta ƙarasa ba, kuma tun rasuwar tsohuwar ba wanda ya yi mata Hausa. Sannan ta dube ni. “Shekara da shekaru kowa yabona yake yi. Zauna ki ƙarasa, kuma da rutanar za ki ƙarasa. Me ke damun wasan? In kin yi mini ƙarya, ni zan raka ki gida.”

Na dubi Hajja, ta kau da kai. Na ce a raina korar dai ɗaya ce. Na ce, “Ustaza, silifar ce. Tun kafin ki sunkuya mun san za ki jefa. Kuma ni abin da ke damuna, ina silifun suke zuwa? Kullum sabuwa. Ai da ni ce surukin, tara su zan yi in buɗe shago a kasuwar Suk al-Arabi, ƙafar dama zalla.”

Sai gado ya fara rawa. Ustaza ta yi dariya har ta shure kwanon lalle, cikin mantuwa ta share hawaye da hannun da Yaya ta yi awa guda tana zanawa. Sati guda ta yi da fure a kumatu.

Dangin amarya sun zo, mata cike da mota. Hajja ba ta kore ni ba, amma ta ƙara mini wata shida a ƙafa. Da azumi ya zagayo muna kallon wasan Ustaza bayan la'asar, sai ga suruki a kasuwa da tulin silifa, yana rantsuwa wa mai saye cewa ta hagun tana hanya. Hajja ta yi dariya har ta sauko daga kujera. Ni ma na yi, cokali biyu cur.

Abin da na koya shi ne, aikin lalle aikin kusa ne. Mutum na kwance ba hannu ba ƙafa, kunne kaɗai ya rage masa, kuma a Omdurman ba ki san kakar kowa ba. Shi ya sa duk baƙuwar da ta shigo nake fara ce mata “sannu da zuwa” da Hausa, ina riƙe da ƙafarta. Fuska tana iya ɓoyewa. Babban yatsa bai iya ba.