Saura-Ƙiris da Tsohuwar Kwamfutarsa

A layin masu gyara babu wanda ya san shi da wani suna sai Saura-Ƙiris, kuma shi ya jawo wa kansa. Ka kai masa injin fotokwafi, ka dawo bayan mako, zai ɗago kai daga cikin injin, hannu baƙi ƙirin da hodar tawada, ya ce maka saura ƙiris. Aiki kam ya iya, ko maƙiyinsa ba ya musun wannan. Ciwonsa ɗaya ne, ba ya iya sakin abu. Injin ya tashi, yana fitar da takarda tas, amma sai ya ji wata 'yar ƙara da kunnen kowa bai ji ba, ya sake kwance shi.

Kwamfutar da ta cinye masa shekaru, a ofishin wasu masu zanen taswira ya tsince ta. Ya je gyara ya tarar an tokare ƙofar sito da ita. Irin na'urorin nan ne na injiniyoyin da, waɗanda a zamaninsu sai babban ofishi ke iya saye, kamfanin da ya ƙera ta ma ya daɗe da rufewa. Akwatinta ya kai ƙaramin firji, allonta kuwa sai ƙarti biyu sun kama. Ya roƙa, aka ba shi har da godiya. Ya kai ta gida ya ɗora a teburin cin abinci, wai na ɗan lokaci, kuma tun ranar iyalinsa a cinya suke ɗora faranti.

Akwai wata babbar manhaja, irin wadda ke tuƙa kwamfuta gaba ɗayanta, da mutane daga ƙasashe daban-daban suke rubutawa tare suna rabawa kyauta. Kowa na iya leƙa cikinta, kowa na iya ƙara abin da ya iya. A cikinta akwai ɗan sashe na dangin wannan tsohuwar na'ura, wanda wani dattijo ɗan fansho a wata ƙasa mai nisa ya kafa, yake kuma kula da shi shi kaɗai. Sai dai sashen bai san samfurin da Saura-Ƙiris ya tsinto ba. Nan ya ci alwashi sai ya zaunar da manhajar a cikin tasa, ya miƙa aikin a haɗa da na dattijon, yadda duk wanda ya tsinci irinta a duniya zai kunna ta tashi.

Buri ne mai kyau, kuma ya sha wahalarsa. Littafin bayanin na'urar ya ɓace tun kafin ya san ta, don haka da lalube ya riƙa gano yadda kowane ɓangare ke magana. Ranar da haruffan farko suka bayyana a allon, sai da ya kira matarsa daga kicin ta zo ta gani. Ta duba, ta ce ma sha Allah, ta koma kan tukunyarta. Daga nan ya koya wa manhajar jin madannai, sannan karanta faifai. Duk gyaran da ya yi, ko na harafi ɗaya ne, sai an sake harhaɗa manhajar, wato kwamfuta ta juya abin da aka rubuta ya koma abin da na'ura ke iya aiki da shi, kuma a kan tsohuwar yake harhaɗawa. Yini guda tana gurnani kamar injin niƙa, falo ya ɗau zafi, shi kuwa yana zaune a gabanta yana jin kansa wani babba.

Ƙanin matarsa, wanda ke aikin kwamfuta a wani asibiti, ya taɓa ba shi shawara.

"Yaya, kawo in harhaɗa maka a tawa mana. Kafin ka gama shan shayi an gama."

Saura-Ƙiris ya dube shi sama da ƙasa. "Wannan ai ha'inci ne. Abin da za ta ci, ita za ta dafa."

Amma babban taurin kansa ba a nan yake ba. Masu rubuta manhajar suna da zaure a intanet inda suke tattaunawa, kuma kullum da safe, kafin ya buɗe shago, sai ya karanta duk abin da aka rubuta a wayarsa. Ya san halin kowa a ciki. Ya san dattijon da gajerun saƙonninsa, ya san lokacin da aka yi masa aikin ido. Shi kuwa ko sallama bai taɓa yi musu ba, domin ya rantse saƙonsa na farko daga cikin tsohuwar kwamfutar zai fita. Ya riga ya tsara abin a ransa: za su buɗe saƙon, su ga daga wace na'ura ya fito, su riƙe baki. Abin da ya rage kawai shi ne katin da ke haɗa ta da intanet, wanda har lokacin ya ƙi magana.

Ana haka shugabannin aikin suka yi sanarwa. Sashen dattijon yana ba su wahala, duk canjin da suka yi sai sun lallaɓa shi, kuma ba su san ko akwai mai amfani da shi ba. In akwai ko mutum ɗaya, ya yi magana kafin fitowar sabon zubin manhajar, su bar shi. In shiru, za su cire. Dattijon da kansa ya ƙara layi biyu a ƙasa, yana tambaya ko akwai wani a can.

Ƙanin matar ya zo da rana tsaka, ya same shi a shago ya tura masa wayar a gaban hanci.

"Ka ga wannan?"

"Tun da safe na gani."

"To ka amsa?"

"Zan amsa."

"Yaya, ga waya a hannunka. Kalma biyu ce. Ka ce ina nan."

"Da waya?" Ya yi wata 'yar dariya ta raini. "Shekara nawa ina wannan aiki, sai in fito musu ta waya kamar mai tallan takalma? Daga cikinta zan amsa."

"To ni in rubuta musu cewa kana nan."

"Ka kuskura, ni da kai."

Da yamma matarsa ta sa baki, don ƙaninta ya kai mata ƙara. "Malam, ni ban san kan abin nan naku ba. Amma mutum ya yi sallama a ƙofa, kana ciki kana jinsa, sai ka ce ba za ka amsa ba sai ka ɗinka sabuwar riga?"

"Ke ba za ki gane ba."

"Na dai gane tsoho ne, kuma tambaya ya yi."

Ya yi kunnen uwar shegu da su duka. Ya rufe shago, ya bar injinan mutane a kwance, ya duƙufa a kan katin. Abin haushin, katin ya yi magana tun da sauran lokaci. Ya gwada aika wa kansa saƙo, ya shiga wayarsa lafiya lau. Mai hankali a nan zai rubuta wa zauren. Shi kuwa sai idonsa ya faɗa kan kwanan watan da ke saman saƙon. Batirin agogon na'urar ya mutu tun tuni, don haka ta buga wata shekara ta kafin a haifi ƙanin matarsa. Yana iya saita agogon da hannu duk sanda ya kunna, amma a wurinsa wannan faci ne, kuma shi ba ya faci. Batirin a cikin wani ɗan ƙoƙon baƙar roba yake a rufe. Ya zauna da zarto yana kankare robar a hankali don ya jona sabo, ya wuce gona da iri ya yanke wata siririyar waya, na'urar ta ƙi tashi sam. Sai da ya bi masu tara tsofaffin kaya ya samo wani ƙoƙon irinsa, kafin nan sabon zubi ya fito, babu sashen dattijon a ciki.

Ko a jikinsa. Ya ce in sun ga aikinsa da gudu za su mayar. Ya zauna ya rubuta dogon saƙo, ya jera duk abin da ya yi tun daga haruffan farko, ya liƙa aikin gaba ɗaya, ya aika daga cikin tsohuwar, kwanan wata daidai. Ya tashi ya zagaya falo baki har kunne.

Shugabannin suka amsa da ladabi a taƙaice: sun gode, amma an riga an rushe abin da aikinsa zai zauna a kai, ba kuma za su sake ginawa ba. Amsar dattijon ta zo washegari da hantsi. Ya ce ya karanta aikin layi-layi, bai taɓa ganin mai tsafta irinsa ba. Ya ce da aka yi shiru ya ɗauka shekarun nan duk shi kaɗai yake surutu, sai ya bar 'ya'yansa suka kwashe na'urorinsa suka kai wa masu sayen ƙarfe, don dama idonsa ya gaza. Yanzu ba shi da abin da zai gwada aikin a kai. A ƙarshe ya tambaya, ba da faɗa ba, tun yaushe yake karanta zauren.

Saura-Ƙiris ya sake karanta layin ƙarshe. Kunya ce ta kama shi, irin wadda bai taɓa ji ba a gaban masu injin da ya ɓata wa lokaci. Matarsa ta fito da kwandon wanki ta gan shi jiki a sanyaye.

"Tsohon ya amsa?"

"Ya amsa. Yana tambaya tun yaushe nake jinsa."

"To sai ka faɗa masa."

Ya ɗora yatsu a kan madannai. Na'urar na aiki lafiya, katin na aiki, babu abin da ya rage a gyara. Ya rubuta gaisuwa, ya tsaya a nan, har ta gama shanya ta dawo bai ƙara harafi ɗaya ba.