Ƙofar da injin kwamfuta bai taɓa ba

Wata rana na bi maƙwabcina, wani kafinta, zuwa bikin yaye ɗalibai a wata cibiyar koyon sana'a.

Ni dai gaskiya shinkafa ce ta kai ni. An ce har da kaza.

Shi kuwa bawan Allah, tun kafin azumi ya garƙame shagonsa. An ce masa an kawo wani inji da ake zana abu a kwamfuta, a danna, shi kuma ya sassaƙa katako da kansa. Masu irin injin nan sun fara kwashe masa kwastomomi, ya ce gara ya je cibiyar nan ya koya tun kafin a bar shi a baya.

Kullum ya dawo sai in tsokane shi: "Injiniya, yau me aka danna?"

Sai ya ce min har yanzu ana bayani a allo.

Ranar biki ga inji nan a tsakiyar zaure, an ɗaura masa ƙyalle kamar ango. A gefe an jera ƙofofi masu ado, wai aikin ɗalibai.

Sai na ga mutumina ya ƙura wa wata ƙofa ido, ya daina motsi.

Ƙofarsa ce.

Da hannunsa ya sassaƙa ta bara, wani dillali ya saya. Har wurin da hannunsa ya goce ya mayar da shi zanen ganye yana nan. Ashe masu cibiyar kasuwa suka shiga suka yi hayar kayan nunawa.

Babban baƙo ya zo ya shafa ta, ya juyo ga jama'a ya ce hannun ɗan Adam ba zai taɓa iya wannan ba. Aka ɗau tafi.

Kun san bakina ba ya zama lafiya. Daga baya na ɗaga murya na ce a kunna mana injin mu gani. Shugaban cibiyar ya ce ai babu wuta.

Fanka na juyawa a kanmu.

Na leƙa bayan injin. Wayar wutarsa ko ledarta ba a cire ba.

Na matso kusa da maƙwabcina, wanda shi ma yake ta tafi.

Na ce, "Malam Sabi'u, ƙofarka ce fa. Tafin me kake yi?"

Ya ce, "Rufa min asiri, Ɗanjuma. In na yi magana, ko takardar shaidar ba zan samu ba."

Kazar nan a faranti na bar ta. Ni da ban taɓa barin kaza ba.

Ya karɓi takardar shaida mai ɗauke da hoton inji, aka yi hotuna. Bai taɓa danna maɓalli ko ɗaya ba.

Da ya koma ya buɗe shago, sauran kwastomomin da suka rage masa sun riga sun koma wajen wani.

Darasi: Kafin ka rufe inda kake cin abinci ka tafi koyon sabuwar sana'a, je ka ga injin yana aiki da idonka, ka ji ƙararsa, ka ga ƙura na tashi. Ku kuma masu tara magidanta ku ɓata musu lokaci don ku samu hoto, akwai ranar da ba za a karɓi hoto ba.

Tura wa wanda ka san yana shirin shiga irin wannan horon, ya je ya leƙa bayan inji tukuna.