Ammu Babikir, Ma'aikacin Harajin da Haraji Ya Biyo Har Gida

Ina cikin bas daga unguwarmu Kalakla za ni ofis da safe, sai ga wayar Usman, babban ɗan Ammu Babikir, wato Baffa Babikir a bakin mutanen nan. Ya ce, "Idrisu, Baba ya rasu bayan asuba." Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Na sauka na nemi motar Umbadda, unguwarsu da ke Omdurman, zuciyata a karye, amma wallahi kafin mu haye gada sai ga ni ina murmushi ni kaɗai. Duk wanda ya san mutumin nan zai yi mini uzuri.

Shi ne shugabana lokacin da na fara aiki a ofishin haraji. Kakanninsa sun taso daga ƙasar Hausa za su Makka, suka ya da zango a Omdurman, zangon bai tashi ba har yau. Ranar da ya ji ina magana da mahaifiyata da Hausa a waya, ya kama kunnena ya ce, "Ashe kai namu ne kake ɓoyewa!" Tun daga ranar na zama ɗan gida.

Da ya yi ritaya, ya tattara kuɗin sallamarsa ya sayi ɗan shago a kasuwar unguwa, ya ba wani tela haya. Ya kan ce, "Fansho na burodi ne, shago na magani. In na tafi kuma, shi zai riƙe Hajja Sakina." Hajja Sakina ita ce matarsa, kuma ba ta da wani abin dogaro bayan wannan shagon.

Sai Allah ya sa ni aka tura in ƙiyasta harajin shagunan layin. Na same shi gindin darbejiya wajen mai shayi, shi da tsofaffin abokansa 'yan fansho. Suna ganina suka kwashe da dariya, ɗaya har da tafi: "Babikir, yau kai ma za ka ɗanɗana!" Na ja shi gefe na raɗa masa cewa zan iya sassauta ƙiyasin. Kai! Ashe na taɓo wuta. Ya ɗaga murya yadda kowa zai ji: "Ni na koya maka haka? Rubuta abin da doka ta ce, sannan ka zauna in gaya maka inda dokar ta karkace."

Na zauna kuwa, shayina har ya huce. Ya ce, "Ban ce kar a karɓa ba. Wanda dukiyarsa ke haihuwa yana kwance, ya biya, ya ma fi ɗan dako biya. Amma Ubangijin da ya halicce mu ya sa wa zakka nisabi, bai taɓa ɗan abin da bawa zai ci ba. Ku kuma da mudu ɗaya kuke auna tsoho mai shago guda da mai benaye. Kun ce haya ta ƙaru. Je ka tambayi mai kantin magani ko ta ƙaru, tunda a wajensa take ƙarewa."

Na ce, "Baba, duk shekarun da ka yi kana karɓa, ban taɓa jin wannan wa'azin ba."

Ya yi dariya har rawaninsa ya goce. "Lokacin ba ni ake yi wa ba, ya waladi, ɗana!"

Akwai shekarar da abin ya yi tsanani. Kaya suka yi tsada, haraji ya zo, rufin shagon ya soma yoyo. 'Ya'yansa suka haɗu suka ce a sayar a huta. Ya ƙi fafur. Sai ya sayar da tsohuwar motarsa, wadda yake wankewa da hannunsa kowace Juma'a ba ya yarda kowa ya jingina da ita. Ya biya harajinsa cif, ya gyara rufi, ya koma hawa raksha, keken haya mai ƙafa uku. Na san abin ya yi masa ciwo, amma ko sau ɗaya bai yi ƙorafi ba. Cewa yake direbobin raksha sun fi rediyo labari.

Ranar uku muna zaman makoki, na shiga cikin gida gaida Hajja Sakina, na tarar telan ya kawo kuɗin haya yana damƙa mata a hannu. Ta ɗago ta gan ni, ta share ido da gefen mayafi ta ce, "Idrisu, ta'aziyya ka zo ko karɓar rabonku?" Mata suka fashe da dariya. Na ce, "Ta'aziyya, Hajja." Ta ce, "To zauna ka ci abinci. Ka ga, ya ce ba zai bar ni ina miƙa wa kowa hannu ba, kuma bai bar ni ba." A nan hawayen da na riƙe tun cikin bas suka ƙwace mini.

Ya Allah ka jiƙan bawanka Babikir, ka yafe masa kurakuransa, ka sassauta masa hisabi, ka haskaka kabarinsa. Ka ba Hajja Sakina da Usman da ƙannensa haƙurin rashi, ka sa albarka a ɗan abin da ya bar mata ya ishe ta har ƙarshen rayuwa. In tamu ta zo, ka sa mu cika da imani. Amin.