Vinzenz, Mai Tsintar Abin da Ƙanƙara ta Ɓoye

Da zarar dusar ƙanƙara ta fara narkewa a watan Mayu, Vinzenz Pirchner yakan rataya buhu, ya cusa burodi da cuku a aljihu, ya kama hawan dutsen Hinterlahn da ƙafa. Kujerun lantarki masu rataye a waya da ke kai baƙi sama suna hutu a lokacin, kuma ba mai kunna su saboda shi. Ya yi taku biyu ya duƙa, ya ƙara uku ya duƙa. Shekara talatin da huɗu yana haka.

Ƙazantar baƙin hunturu yake tsinta: gwangwanin lemo, fasassun kwalabe, guntayen waya. Mutum ya zo daga birni, ya sha zamiyarsa a kan ƙanƙara, ya yi wurgi da gwangwani, sabuwar dusa ta rufe, shi a ganinsa magana ta ƙare. Ina! Yana nan kwance yana jiran shanunmu, domin filin zamiyar nan shi ne makiyayarmu in ciyawa ta fito.

Sau ɗaya tak Vinzenz bai hau ba, shekarar da ya karye a ƙafa. Ku tambayi Notburga Haslwanter mai cuku. A shekarar ce saniyarta mafi nono ta haɗiyi guntun gwangwani, ta yi kwana uku tana nishi, ta mutu a gabanta.

Makon jiya gwiwa ta ƙi, ya ajiye aiki. Kamfanin wasan zamiyar da yake wa aiki ya yi walima, amma fa ba tasa ba, ta buɗe sabuwar hanyar kekuna ce ta 'yan yawon bazara. An kafa ƙaton hoton ciyawa kore shar da shanu masu ƙararrawa, an rubuta wai dutsenmu tsaf yake kamar ranar da aka halicce shi. Abin ya ƙona mini rai.

Notburga ta tare manajan kamfanin. "Yallaɓai, wa zai maye gurbin Vinzenz?"

"Wane Vinzenz?"

"Au, wane Vinzenz! Wanda ya share maka ciyawar da kake tallar hotonta."

Manajan ya yi dariya. "Haba Inna, baƙin yanzu wayayyu ne, ba sa zubar da shara."

Vinzenz, da ke zaune a gefe, ya miƙe. Ya fita, ya dawo da buhunsa na ƙarshe, ya zazzage shi a kan farin teburin walima.

"Ga wayewar yini ɗaya, yallaɓai," in ji shi.

An kira masu goge tebur. Har yau ba a ɗauki kowa a gurbinsa ba.

Kai ne ka duƙa har bayanka ya lanƙwashe, Vinzenz, don shanunmu su ci ciyawa ba ƙarfe ba. Kai ne ba ka cikin hoto, alhali hoton aikinka ne. Kamfani bai san sunanka ba, mu kuma da muka sani muka yi ta shan nono ba mu taɓa bin ka da buhu ba. Wannan kunya tamu ce. Mun gode, sarkin haƙuri, ka yafe mana.

Saura kwana goma sha tara a kora shanu sama, rabin dutsen kuma ba a taɓa shi ba. Asabar da ƙarfe bakwai na safe, kowa ya fito da buhunsa. Vinzenz ya ce zai zo da sanda ya nuna mana wuraren, amma duƙawar tamu ce.